Wa Python ya taɓa mutuwa a hannunsa ba ko sallama?

Mai tambaya, Wadata (Yamai): Salamu alaikum ƴan uwa. Kwana uku ke nan ina fama. Na rubuta wa Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ɗan ƙari da harshen C don lissafi ya yi sauri. Sai ya yi ta aiki lafiya lau, can bayan minti goma tafintan, wato manhajar da ke gudanar da Python, ya faɗi, allo ya nuna "Segmentation fault" (an taɓa wurin da ba a yarda a taɓa ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta), shi ke nan. Ba lambar layi, ba bayani. Har na fara zargin Python ɗin kansa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya ba mu labari.

Tsohon hannu, Yantala: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka ɗora wa tafinta laifi, leƙa ɗakinka. CPython, tafintan Python da aka fi amfani da shi, yana ƙidaya masu riƙe da kowane abu da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ƙidaya ta kai sifili, ya share abin ya ba wani wurin. Ni ga ɓarnar da na yi: na ɗauko abu da PyList_GetItem, wanda aro kawai yake ba ka, da na gama na kira Py_DECREF, mai rage ƙidayar, a kansa. Kamar ka ari butar maƙwabci ka sayar, shi ba zai sani ba sai lokacin alwala. Shi ya sa inda aka faɗi daban, inda aka yi tuntuɓe daban. Dare biyu na kashe ina tonon wurin da ba ruwansa. Daga baya na sake harhaɗa Python da --with-pydebug, wanda ke cika duk wurin da aka saki da 0xDD. Na buɗe gdb, manhajar farautar kurakurai, sai ga adireshi dddddddd jere reras. Nan jikina ya yi sanyi, na san gawa nake taɓawa.

Ɗaliba, Tawa: Yaya, tawa ta fi ban haushi, don ko faɗuwa ba ta yi. Sunayen manoman albasa muke shigarwa da wani ƙari da munka samu a intanet. Suna mai é na Faransanci ya wuce sumul. Da anka zo kan mai ƙ ko ɗ, sai rabin suna ya fito, da tarkace a tsakani. Ashe tun Python 3.3 ana ajiye rubutu da oktet (ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta) 1, 2 ko 4 ga kowane harafi, gwargwadon harafin da ya fi faɗi a ciki. é na shiga cikin guda, ƙ kuwa sai biyu, kuma shi kaɗai ya isa ya maida sunan duka zuwa biyu-biyu. Mai ƙarin ya yi ta karatu da PyUnicode_1BYTE_DATA, na oktet ɗai-ɗai, bai tambayi PyUnicode_KIND, mai faɗin oktet nawa ne, ba. Ban ga laifinsa sosai ba, ina ya taɓa ganin ƙ? Na gyara layi huɗu, na haɗa da gwaji mai kalmar ƙanƙara, na aika masa a GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye ayyukansu. Gwajin nan shi na fi so, don ko wani ya sake taɓa wurin gobe, zai yi kuka.

Wani daga Harobanda: Kafin gdb ma, gwada python -X faulthandler. Zai nuna maka layin Python na ƙarshe kafin mutuwar. Ba kullum yake kai ka gidan ɓarawo ba, amma yana nuna unguwa.

Mai gyara, Katako: Ni akasin na Malam na Yantala ne, ban saki abin da ya kamata in saki ba. Na sa "O", mai ƙara ƙidaya, a Py_BuildValue inda "N", wanda ba ya ƙarawa, ya dace, ƙidaya ta yi ta hawa, ba a share komai. Inji ya riƙa nauyi da la'asar, ni kuma na ce zafin Afrilu ne, har fanka na saya masa. Fanka dai tana nan, ni take yi wa aiki.

Mai tambaya, Wadata: Allah ya saka da alheri. Malam, maganarka ce. Abin da PyArg_ParseTuple ya ba ni da "O" shi ma aro ne, na adana shi don kira na gaba ban ƙara ƙidaya da Py_INCREF ba. Layi ɗaya na ƙara. Tun bayan isha'i yake gudu, yanzu ƙarfe biyu saura, bai faɗi ba. Ƙanwata ta Tawa, turo min gwajin ƙanƙarar nan, don ni ma ban taɓa ba nawa suna mai ƙ ba.