An ce a ɗora ɗana kan haidiroksiyuriya: iyayen masu sikila da suka riga ni, me kuka gani?

Maman Abba, Gusau

Assalamu alaikum. Ɗana na biyu shekararsa shida, kuma tun yana wata tara aka tabbatar mana cewa SS ne, bayan hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura ya kwana uku yana kuka ba ya kama nono. A bara kaɗai sau huɗu aka ba mu gado, sau biyu aka yi masa ƙarin jini, na biyun kuwa sai da mahaifinsa ya bi gidajen 'yan'uwa cikin dare kafin a samu wanda jininsa ya dace. Makon jiya likitar da ke duba shi ta ce lokaci ya yi da za a ɗora shi kan haidiroksiyuriya, ya riƙa sha kullum. Da labarin ya isa wurin surukata, sai wani mai kemis na unguwarsu ya gaya mata cewa maganin ciwon daji ne, ita kuma ta ce ba za a ɗirka wa jikanta abin da ke zubar da gashi ba tana raye. Maigidana ya rasa tudun dafawa tsakanin maganar likita da maganar mahaifiyarsa. Ina roƙon waɗanda suka ba 'ya'yansu wannan magani, ko suke sha da kansu, su faɗa mini abin da idonsu ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Baban Nana, Talata Mafara

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. 'Yata tana cikin shekara ta uku da fara shan sa, kuma da yake ni malamin makaranta ne, tun ranar farko na ware littafi guda ina rubuta kwanan wata, nauyinta, sakamakon awon jini da duk ranar da ciwo ya tashi. Da wannan littafin nake ba ki amsa.

Wata biyun farko ban ga wani canji ba, har ciwon ƙafa ya taso mata sau ɗaya, mahaifiyarta ta fara cewa kuɗi kawai muke zubarwa. Likita ya riga ya gargaɗe mu cewa maganin ba ya kashe zafi a take, yana buƙatar watanni kafin jini ya sauya, don haka muka daure. Hunturun da ya biyo baya ne ya nuna mana bambancin. A da, da zarar iskar Disamba ta fara kaɗawa mun san za mu kwana a asibiti, amma a wannan shekarar ta yi ciwon hannu na kwana biyu wanda ruwan ɗumi, yawan shan ruwa da maganin zafi suka kwantar a gida. PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jininta, da ke yawo tsakanin 18 da 20 ya koma 25, wani lokaci 26, kuma rawayar idonta ta ragu har maƙwabta suka lura. Tun daga nan ba a ƙara mata jini ba.

Abin da ba a so kuma akwai shi. Farcenta ya yi duhu, wanda ya dame ta domin 'yan ajinsu suna tsokanarta. Sau ɗaya awo ya nuna fararen ƙwayoyin jininta sun sauka, aka ce mu tsayar da maganin mako guda, aka sake awo, sannan aka ci gaba. Gashinta kuwa yana nan, har kitso ake mata. Wahalar da ta fi yawa ita ce ta awon: da farko kowane wata, yanzu duk wata uku, kuma kowane zuwa kuɗin mota ne da na ɗakin gwaji da yinin aiki. Shawarata game da Hajiya ita ce kada ku yi mata gardama a gida. Ku tafi da ita wurin likitar ta yi tambayoyinta da bakinta, domin haka na yi da tawa mahaifiyar.

Maman Sadiya, Anka

'Yar'uwa, ni labarina biyu ne, kuma na farkon ba shi da daɗin ji. Babban ɗana yana da shekara bakwai wata safiya ya tashi zai sha koko, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe. Mun ɗauka iska ce, muka yi kwana biyu ana rubutu da hayaƙi kafin mu kai shi asibiti, inda aka ce shanyewar ɓarin jiki ce kuma sikilar ce ta jawo ta. Har lokacin ban taɓa jin cewa yaro ƙarami yana shanyewa ba. Yanzu shekararsa goma sha uku, yana tafiya amma yana jan ƙafa, kuma da hagu ya sake koyon rubutu.

Da aka haifi ƙanwarsa ita ma SS, ban jira kowa ba. Tana kan maganin, kuma ta fi yayanta ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai mu na wannan yanki matsalarmu hanya ce. Akwai lokacin da muka yi wata biyu ba mu iya fita zuwa Gusau ba, maganin ya ƙare, wani ya sayo mini kafso na manya mai miligiram 500, na riƙa buɗewa ina raba garin da ido ina zuba mata a cokali. Da na faɗa wa likita ya yi mini faɗa sosai, ya ce ba a raba shi da ido, kuma bai kamata garin ya taɓa fatar mai shayarwa irina ba. Tun daga nan nake karɓar na wata uku lokaci guda, kuma ina neman ƙaramin kafso mai 100 wanda ya fi sauƙin daidaitawa da nauyinta.

Ma'aikaciyar jinya, Ƙauran Namoda

Maman Sadiya, Allah ya ƙara wa yaronki sauƙi. Ina aiki a sashen yara, kuma ɗan yayata da nake riƙo yana shan wannan magani, saboda haka ta fuska biyu nake magana.

Mai kemis ɗin bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. An fara amfani da maganin ne wajen wasu cututtukan daji na jini, daga baya aka gano yana sa jiki ya koma ƙera irin sinadarin jinin da jariri ke fitowa da shi daga ciki. Wannan sinadarin ba ya barin jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma shi ne dalilin da ya sa jaririn da ke da sikila yakan yi watannin farko lafiya lau, sai ya kusa wata shida, sinadarin ya ragu sosai, sannan kumburin hannu ya bayyana kamar yadda Maman Abba ta gani. Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila tun 1998.

An daɗe ana fargabar cewa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci suka yi yawa, maganin da ke rage fararen ƙwayoyin jini zai ƙara jefa yara cikin haɗari. An gwada hakan a kan yara fiye da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, aka fitar da sakamakon a 2019. Tashin ciwo ya ragu da kusan rabi, ƙarin jini ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku, mace-mace suka ragu, kuma abin da ya ba mutane mamaki shi ne zazzaɓin cizon sauro ma ya ragu da kusan rabi. Wani binciken na Uganda da ya fito a 2020 ya nuna cewa ƙara yawan maganin a hankali, ana bin awon jini, ya fi barin sa a ma'auni ɗaya amfani.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Kano da Kaduna, wanda likitocinmu suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, aka wallafa a farkon 2022. Akwai awon da ake kira TCD, inda ake ɗora 'yar na'ura a gefen kan yaro a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura, ba zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗarin irin abin da ya samu ɗan Maman Sadiya. A Turai da Amurka ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yara kusan kowane wata, abin da duk wanda ya taɓa neman ledar jini ɗaya cikin dare ya san ba zai yiwu a nan ba. Sai aka ɗauki yara 220 masu irin wannan sakamako, aka ba rabi miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsu, rabi kuma miligiram 20. Shanyewar ta yi ƙaranci a ɓangarorin biyu, ba a ga bambanci a tsakaninsu ba ta wannan fuska, sai dai waɗanda suka sha 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Don haka, Maman Abba, ki tambayi likitarki inda za a yi wa yaronki wannan awo, domin shekarunsa su ne shekarun haɗarin. Mu sai da muka je Kano muka yi wa namu.

Mai sikila ɗan shekara 31, Gummi

Iyayenmu, ku ba ni dama in yi magana a matsayin wanda allurar ke shiga jikinsa. Ina da shekara ashirin da huɗu na fara sha, bayan ƙugu na hagu ya riga ya lalace, kuma maganin bai gyara ƙugun ba. Abin da ya yi mini shi ne ya bar ni na riƙe aiki, domin a da ba na cika wata biyu ban kwanta ba.

Akwai maganar da ba a cika yi wa iyayen yara maza ba, ni ma sai da na zo aure na ji ta. Maganin yana iya rage ƙwayoyin haihuwar namiji, ko da yake sikilar kanta tana yin hakan. Da muka shirya neman haihuwa, likitana ya tsara mini yadda zan dakata na wasu watanni, kuma a watannin nan ciwo ya dawo mini sau biyu da ƙarfinsa. Allah ya ba mu 'ya mace, AS, domin matata AA ce kuma sai da muka yi gwajin a wuri biyu kafin a ɗaura aure. Mata masu sha kuma ana dakatar musu idan ana shirin ɗaukar ciki. Ban faɗi wannan don in tsorata kowa ba, amma ya kamata a gaya wa iyaye tun farko.

Game da labaran da ake turo mana a WhatsApp cewa an gano maganin da ke warkar da sikila, gaskiya ne Ingila da Amurka sun amince da Casgevy a ƙarshen 2023, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon mutum a gyara su a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuma sai an ba mutum magani mai ƙarfi ya share tsohon ɓargon tukuna. Abin lura shi ne, gyaran da ake yi ɗin yana farkar da sinadarin jinin jarirai ne, wato hanya ɗaya da wannan kafson namu. Wani sabon magani kuma, Oxbryta, wanda muka sa wa rai, kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwa a Satumbar 2024 bayan an ga ƙaruwar tashin ciwo da mace-mace a cikin masu sha. Tun daga nan na daina ɗokin kowane sabon suna.

Kakar 'yan biyu, Bunguɗu (jikata ce ke rubuta mini)

'Yata, ni ma suruka ce, kuma ni ma na ƙi da farko. Jikana idan ya yi fari fat, sai in dafa masa karan dafi, in haɗa Maltina da madara, in aika a sayo ruwan maganin ƙarin jini a kemis, ina ganin gata nake masa. Likita ta zaunar da ni ta ce jininsa fashewa yake yi da wuri, ba sinadarin ƙarfe ya rasa ba, kuma yaron da aka sha yi wa ƙarin jini ƙarfen taruwa yake a hantarsa da zuciyarsa, don haka kada a ba shi sai an auna an ga yana buƙata. Ta kuma koya mini yadda zan taɓa cikinsa ta hagu in ji ko saifarsa ta girma, ta ce in na ji ta sauko kuma tafin hannunsa ya yi fari, kada in jira gari ya waye. Yanzu ni ce ke ba shi kafson bayan sallar isha'i tare da folik asid, ni ce kuma ke tura gefen gidan sauro ƙarƙashin katifa. Ki gaya wa Hajiya cewa wata tsohuwa daga Bunguɗu tana gaishe ta, kuma gashin jikana sai da aka yi masa aski ranar Juma'ar da ta wuce.

Maman Abba, Gusau

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa maigidana duk amsoshin, shi kuma ya karanta wa Hajiya na Kakar 'yan biyu da na Maman Sadiya. Ranar Talata muka tafi mu uku. Hajiya ta tambayi likitar ko za ta ba ɗan cikinta wannan magani, ta tambayi maganar haihuwa da ɗan'uwanmu na Gummi ya kawo, kuma likitar ta amsa mata ɗaya bayan ɗaya ba ta yi gaggawa ba. An ɗebi jininsa domin a ga ƙwayoyin jini da lafiyar hanta da ƙoda kafin a fara, an auna nauyinsa kilo 17, an kuma rubuta mana takardar zuwa awon TCD. Hajiya ba ta ce ta yarda ba, amma a hanyar dawowa ita ta sa aka tsaya a kasuwa aka sayo littafin rubutu mai bango mai kauri. Baban Nana, don Allah ka turo mini hoton shafi ɗaya na naka in ga yadda ka ja layukan, domin ranar Litinin za mu koma karɓar sakamako.