Banki ya ce gidan yana yankin AE, sai da inshorar ambaliya: ina mafita?

Bakatsinen Houston:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka. Ana cinikin wani gida a kudu maso yammacin Houston, kusa da rafin Brays Bayou, ginin kan daɓen kankare. Banki ya ce gidan ya faɗa yankin AE a taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, ba za su saki kuɗi ba sai an yanki inshorar ambaliya, ban da ta gida da aka saba. Farashin da ejan ya kawo ya kusa ninka wanda mai gidan yake biya yanzu. Me ya kawo wannan bambanci a gida ɗaya? Kuma akwai hanyar fitar da gida daga AE a huta?

Malam Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, raba abu biyu tukuna. Harafin taswira shi ke nuna ko dole ne ka yanka, amma ba shi ke yanke farashi ba.

Duk yankin da ya fara da A ko V, ana ƙiyasta yiwuwar ambaliya a cikinsa da kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Kamar kaɗan ne, amma a shekara 30 na biyan bashin gida ya kai kashi 26 cikin 100. Dokar 1973 ce ta tilasta wa bankunan da ke ƙarƙashin kulawar gwamnatin tarayya su nemi inshorar a irin wannan wuri, saboda haka roƙon ma'aikacin banki ɓata baki ne.

Farashi kuwa, tun Oktoban 2021 FEMA ta sauya lissafin shirin NFIP, wato inshorar ambaliya ta gwamnatin tarayya. Yanzu gidan kansa ake dubawa: nisansa da ruwa, tsayin daɓensa daga ƙasa, irin harsashinsa, da abin da sake gina shi zai ci. Tsofaffin masu inshora ba a ɗora musu sabon farashin lokaci guda ba, ana hawa da su ne sannu a hankali, kuma ga gidan da mutum yake zaune a ciki ƙarin ba ya wuce kashi 18 cikin 100 a shekara. Mai sayar maka da gidan yana tsakiyar hawan, kai kuma an kawo maka farashin ƙarshe.

Mafita: inshorar NFIP tana bin gida zuwa hannun mai saye. Ka nemi mai gidan ya sa hannu a mayar da ita sunanka kafin ranar kammala ciniki, ka gaji farashinsa. Idan ya riga ya soke ta, ko ya bari ta mutu, shi ke nan. Ka kuma sani za ta ci gaba da hawa har ta cim ma wancan farashin da ejan ya nuna maka, don haka da shi za ka auna ƙarfin aljihunka.

Safiyo:
Kan tambaya ta biyu, hanyar tana nan, sunanta LOMA, wato takardar FEMA mai fitar da gida daga yankin ambaliya a taswira. Ka fara tambayar mai gidan ko ofishin kula da ambaliya na birni ko akwai takardar awon tsayi, wadda suke kira Elevation Certificate. In babu, safiyo mai lasisi zai auna. Lamba biyu ake kwatantawa: tsayin da taswira ta ce ruwa zai kai, da wuri mafi kwari na ƙasar da ta taɓa jikin ginin. Nan mutane ke tuntuɓe. Suna kallon daɓen falo, alhali matakalar baranda ko gefen gareji da ke haɗe da gidan ake aunawa. In wannan wurin ya yi daidai da layin ruwa ko ya fi shi, ka cika takarda, FEMA ba ta karɓar ko sisi, amsa kan zo cikin kwana 60. In ciko aka yi aka ɗaga filin, wata takardar ce daban, LOMR-F, ita kuma da kuɗi.

Sai dai gaskiya, a gefen Brays Bayou kada ka sa rai sosai. Unguwar Meyerland ta sha ruwa a 2015, ta sha a 2016, guguwar Harvey ta zo a 2017 ta ƙarasa. Kuma ko LOMA ta fito, tilas kawai ta ɗauke, bankin ma yana da ikon cewa duk da haka sai ka yanka. Ruwa ba ya karanta taswira: gidaje da yawa da Harvey ta cinye a yankin X suke, inda doka ba ta tilasta yankar inshorar ba. Tun 2019 dokar Texas ta wajabta wa mai sayarwa ya rubuta ko gidan ya taɓa shan ruwa da ko ya taɓa karɓar diyya. Karanta wannan shafin kafin komai.

Hajiya Ejan:
Malamai sun gama magana kan farashi, bari in taɓo abin da ake kuka da shi bayan ruwa ya janye. Iyakar NFIP dala 250,000 ce ga gini, 100,000 ga kayan ciki, kuma daban-daban ake sayensu. Banki ginin kawai ya dama da shi. Sai mutum ya yanki na gini ya tafi, ranar da ruwa ya shiga ya tarar kujeru, katifu da akwatunan lefe ba su cikin lissafi. Kayan cikin ma da kuɗin gwanjo ake biyansu, an cire tsufa. Ba ta biyan otal ko hayar da za ku zauna kafin a gyara, ba ta biyan mota.

Kason da za ka fara biya daga aljihunka idan an yi asara yana iya kaiwa dala 10,000. Ɗaga shi yana rage kuɗin shekara, amma sau biyu ake cire shi, na gini daban na kaya daban, kuma sai bankin ya yarda.

Ga wanda ba banki ne ya tilasta shi ba, sabuwar inshora sai ta yi kwana 30 take fara aiki. Wanda ya jira sai an sanar da guguwa a Agusta ya makara.

Bakatsinen Houston:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, kamfanoni masu zaman kansu fa? An ce sun fi sauƙi.

Hajiya Ejan:
Wani lokaci sun fi, kuma tun Yulin 2019 dole banki ya karɓi tasu in ta cika sharuɗɗan doka. Wasu ma suna wuce 250,000, suna biyan wurin zama. Amma kamfani yana iya ƙin sabunta maka bayan shekarar da ya yi asara, kuma in ka bar NFIP ka dawo, rangwamen da ka gada daga mai gidan ya tafi. Ka sa ejan ya kawo maka farashi uku a rubuce: na gadon, na sabuwar NFIP da takardar awo a haɗe, da na kamfani.