Fako ya cinye rabin gonata, wa ya taɓa tare ruwan sama ya ga amfani?

Manomi daga wajen Marwa, arewacin Kamaru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Rabin gonar da na gada ya zama fako, abin da Fulanin nan ke kira harde. In an yi ruwa, kafin ka ankara ya gangare mayo, wato rafi, ƙasa na nan kamar daɓe. Kwazazzabo kuma sai cin gefen gabas yake. Bara na jibga buhunan yashi a bakinsa, ruwan Agusta ya yi awon gaba da su. Don Allah wanda ya taɓa fama da irin wannan ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Dattijo daga Mokolo: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka je tarar ruwa ne inda ya riga ya yi ƙarfi. Ka zo ka ga ƙabilar Mafa a duwatsun Mandara. Tun kaka da kakanni suke jera dutse hawa-hawa, daga ƙololuwa har gindi, suna noman dawa a inda ko akuya sai ta lallaba. A wurinsu na koya. Na fara layin dutse daga saman gonata, na auna da tiyon ruwa don kada wani gefe ya fi wani gangara. Ba toshe ruwa dutsen ke yi ba, rage masa gudu yake, ya ajiye laka da takin da ya kwaso. Damina biyu, gamba ta fito da kanta a bayan layin.

Matashi daga Mora: Baba ya yi gaskiya, amma mu dutse ya yi mana nisa. Tassa na haƙa, irin ramukan da marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya shahara da su har aka ba shi lambar yabo a 2018. Da rani ake haƙawa, zurfin kamar santimita 20, ka tara ƙasar ta ɓangaren gangare, ka zuba taki cikin tafi biyu. Gara za ta bi takin ta huda ƙasa, ta nan ruwa ke nutsewa. Wahala kam akwai ta, hannuna ya yi kanta. Amma na yanki gero a wurin da ko ciyawa ba ta fitowa a da.

Wani daga Yagwa: Malam, ka dai duba irin ƙasarka tukuna. Na gwada tassa a laka, ruwa ya kwanta, shuka ta ruɓe. A karal, wato ƙasar laka, kunya muke ɗagawa gida-gida, ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, mu dasa masakwa, dawar rani, wajen Oktoba, mu girbe a Fabrairu ba tare da ko ɗigon ruwan sama ba.

Uwargida daga Garwa: Kada ku manta rufin kwano. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ɗakinmu murabba'in mita 50 ne, ruwan milimita 20 kan cika mana duro 5. Ruwan farko nakan bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsu. Da sauran na raya zogale da kuɓewa a bayan ɗaki.

Manomi daga wajen Marwa: Allah Ya saka muku da alheri. Tawa ba laka ba ce, kuma akwai dutse kusa. Da an gama girbi zan fara daga sama, in sha Allah. Baba, taku nawa kake bari tsakanin layi da layi? Sannan akwai 'yan gawo uku da suka tsiro a gefen fakon, yaya zan kare su daga awaki da rani?