Lambar filin mahaifinmu ta fito a takardar wani: wa ya taɓa shiga irin wannan a Zariya?

Ɗan Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kwana biyu ina juya maganar nan a raina kafin na kawo muku ita. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sayi fili ƙafa hamsin da ɗari ta wajen Dakace tun muna yara. Ya kafa siminti a kusurwa huɗu, ya dasa dogon yaro biyu, amma har ya rasu bai samu halin gini ba. Da aka raba gado filin ya faɗa hannun ƙannena mata biyu, ni ne wakilinsu. Makon jiya na je da magini za mu ja katanga, sai ga wani dattijo da takardarsa, hatimi da sa hannu duk sun cika, lambar filin kuma ita ce tamu sak. Shi ma ya ce saya ya yi, shi ma yana da shaidu. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ban ga alamar ƙarya a tare da shi ba, hannunsa har rawa yake yana nuna mini takardar. Kawuna ya ce mu tafi kotu kawai. Ni kuwa ina so in ji daga bakin waɗanda abin ya taɓa samu, don dukiyar marayu ce a wuyana.

Maman 'Yan Biyu, Samaru:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Namu a Palladan ne, kuma kuskuren suna ne ba na lamba ba. Wajen rubuta takardar maigidana aka tsallake sunan mahaifinsa aka sa na kakansa, sai ya zama daidai da sunan ɗan baffansa. Ba mu lura ba sai da za mu sayar, mai saye ya ce ai filin ba namu ba ne. Sai da maigidan ya yi takardar rantsuwa a kotu, ɗan baffan ya rubuta da hannunsa cewa ba shi da haƙƙi a ciki, aka haɗa da tsofaffin rasidai, sannan aka gyara. Allah ya sa mutumin kirki ne, da ya so kwaɗayi da mun ga tasku. Abu ɗaya nake roƙonka, Malam: kada ka bar asalin takarda a hannun kowa, ko wane ne. Ka yi hoto ka bayar, asalin ya kwana a akwatinka.

Tsohon Safiyo:
Yarona, ka dakata da maganar katanga, ka kuma dakata da kotu. Na yi shekaru ina jan tef ina awon filaye a garin nan, kuma lamba ɗaya a takarda biyu ba kullum take nufin fili ɗaya ba. A da, da hannu ake zana taswirar unguwa, a buga takarda da tafireta. Kowane rukuni na filaye yana da nasa jerin lambobi, don haka lamba 14 tana iya kasancewa a rukunin farko, tana kuma nan a na biyu. In mai buga takarda ya manta harafin rukuni, ko ya sa na wani, shi ke nan an haɗa mutum biyu faɗa ba su sani ba. Ga kuma dillalin da zai tsaya bakin hanya ya miƙa yatsa ya ce "ga naka can", alhali shi kansa bai taka wurin ba.

Akwai wanda ba na mantawa. Mutum biyu suka yi ta jayayya kan fili ɗaya ta wajen Hanwa, har iyalansu suka daina gaisawa a masallaci. Da aka kira ni ban dubi lambar fili ba, lambobin duwatsun iyaka na nema, waɗannan da ake rubutawa a jikin siminti. Muka tona ƙasa muka gano uku daga ciki, suka dace da taswirar mutum na farko. Na biyun fa? Nasa filin yana layi na baya, ciyawa ta rufe shi, babu wanda ya taɓa shi duk tsawon rigimar. Da na nuna masa, zama ya yi a ƙasa yana salati.

Don haka ka nemi taswirar da ke maƙale da takardar mahaifinka, ka nemi ta dattijon, ku ɗauki safiyo mai rajista guda ɗaya wanda ku biyu kuka yarda da shi. Yanzu da na'urar GPS aikin wuni ɗaya ne. Lambar fili ana kuskurenta da alƙalami, amma dutsen da ke binne ba ya tashi da kansa.

Lauya, Sabon Gari:
Baba safiyo ya faɗi gaskiya, bari in ƙara ta fuskar doka. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar C of O, wato shaidar haƙƙin mallakar fili, galibi ta shekara 99, ƙaramar hukuma kuma tana ba da haƙƙin zama na gargajiya a filayen karkara. Mutane suna ɗauka wanda ya riƙe C of O ya gama magana. Ba haka ba ne. Kotu tana ɗaukar ta hujja ce ta farko, amma in wani ya tabbatar haƙƙinsa ya riga ta, ana iya soke ta. Tun 1976 Kotun Ƙoli ta zayyana hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka, takarda ɗaya ce kawai daga ciki. Akwai tarihin filin daga bakin dattawa, akwai ayyukan mai abu kamar noma ko ba da haya, akwai daɗewa a kai, akwai mallakar filin da ke maƙwabtaka. Itatuwan nan biyu na mahaifinka ma kada ka raina su.

Wani rikici irin wannan da na taɓa riƙewa, ba mu kai gaban alƙali ba. Mun rubuta takardar neman a binciki fayil, aka ga an shigar da fili ɗaya sau biyu a tsohon littafi, aka gyara. Tun kafa KADGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jiha, a zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, bayanan filayen Kaduna can suka koma cikin kwamfuta, can za ka nemi binciken, a rubuce, ka riƙe shaidar an karɓa. Ka tafi da takardar rabon gado daga kotun shari'a, don ita ce za ta nuna da wane matsayi kake magana.

Baba na Ƙofar Doka:
Ni na ja katangar da kake shirin ja, ɗana. Zuciya ta ɗebe ni, na zuba bulo cikin dare. Aka maka ni kotu, aka hana kowa taɓa wurin, damina bayan damina katangar ta zube ina kallo. Kuɗin lauya da na mota sun kusa cin rabin kuɗin filin. Mai unguwarmu ya kira mu tun farko na ƙi zuwa, a ƙarshe kuma shaidarsa ce ta raba gardamar, don shi ya sa hannu a cinikin farko. Ina tuna hadisin wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci, za a rataya masa ƙassai bakwai a wuya, sai gabana ya faɗi, domin a lokacin ban tabbata nawa ba ne, son zuciya ne ya tabbatar mini.

Gwaggo, Gyallesu:
Ina da ja kaɗan. Sulhu alheri ne, amma ni da sunan sulhu aka raba filin marigayi mijina biyu, aka ce in yi haƙuri, ni mace ce ba mai tsaya mini. Daga baya fayil ya nuna duka namu ne, amma na riga na dangwala yatsa. Kada ka yarda a raba komai kafin a ga fayil da duwatsu. Haƙƙin ƙannenka ne, ba ka da ikon yin kyauta da shi.

Ɗan Tudun Jukun:
Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Gwaggo, maganarki ta shige ni, ba zan sa hannu a komai ba. Jiya bayan la'asar na je gidan dattijon tare da mai unguwa, na durƙusa na gaishe shi, muka baje takardun biyu a kan tabarma. Baba safiyo, kamar kana wurin: tamu tana da harafin rukuni, tasa wurin harafin fanko ne, lambobin duwatsun ma biyu sun saɓa. Dattijon ya yi shiru can ya ce, "Ɗana, in nawa yana wani wuri, ka taimake ni mu nemo shi." Mun shigar da takardar neman binciken fayil da sunanmu mu biyu, safiyo kuma zai zo ranar Asabar da safe. Kuɗinsa mun raba biyu, magini na ce masa ya dakata.