Gajiyar aikin da barci ba ya maganinta, ni kaɗai ne?

Ɗan_ofis:
Salam 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Shekara huɗu kenan ina aiki a wuri ɗaya, da ina son aikin sosai amma tun bara komai ya canza min. In na kunna kwamfuta da safe sai in zuba wa imel ɗaya ido kusan minti ashirin na kasa ba da amsa, abin da a da minti biyu ya ishe ni. Jiya na tura wa oga rahoto da lissafin watan da ya wuce, wallahi ban lura ba sai da ya kira ni. Abokin aiki ya yi min 'yar tambaya sai raina ya ɓaci. Ko na kwana na wuni ina barci a ƙarshen mako, ranar Litinin gajiyar tana nan daram. Lalaci ne ya kama ni?

Yaya_Babba:
Ƙanina ba lalaci ba ne, malalaci ai ba ya damuwa irin yadda ka damu ɗin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) tun 2019 ta bayyana abin nan a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba, kuma alamu uku ta lissafo: ƙarfinka ya ƙare, zuciyarka ta fita daga aikin, sannan ingancin aikinka ya ragu. Duk ukun ka faɗe su da bakinka. Ni ma na shiga wannan halin, har na riƙa guje wa mitin don kar a tambaye ni komai, sai da aka rage min aiki sannan na dawo hayyacina, hutun sati ɗaya bai yi min komai ba don teburin yana nan yana jirana.

Mai_lissafi:
Awa nawa kake yi a mako? Binciken da WHO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna awa 55 zuwa sama na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Kar ka yi wasa da shi.

Anti_Nas:
Ka je ka ga likita kuma, ɗana. In rashin jin daɗin ya biyo ka har gida, ba ka son hira da iyali, ba ka cin abinci, to wataƙila ciwon damuwa ne ya shigo ciki, shi kuma ana maganinsa.

Ɗan_ofis:
Na gode ƙwarai. Awannin ban taɓa ƙirgawa ba, amma har goma na dare oga yana turo saƙo a WhatsApp ina amsawa. Gobe in sha Allah zan same shi mu yi magana a kan wannan tukuna.