Shawarwarin masu zanen gini da injiniyoyi kan manhajojin BIM

Wasu masu zanen gine-gine da injiniyoyi da ke aikin ajujuwa da ƙananan asibitoci a ƙauyukan Ringim da Taura sun tattauna kan manhajojin BIM, waɗanda ake gina gidan dukansa a kwamfuta da su kafin a haƙa fandisho.

Abin da ya fi burge su shi ne lissafin kaya. A Revit ko ArchiCAD, da ka matsar da bango, sauran zanuka da jadawalin kayan za su gyaru da kansu. Sai dai wani dattijon injiniya ya ja kunne: manhajar ba ta san bulonmu ba. Sai ka saka mata kaurin bulo mai inci 9 da mai inci 6 da hannunka, in ba haka ba lissafin siminti zai yaudare ka. Ina ganin nan ne maganar ta fi nauyi.

Injiniyoyin sun fi son Tekla Structures wajen tsara rodi, suna kuma yaba Navisworks saboda tana nuna inda bututun ruwa ya ci karo da ginshiƙin kwance (bim) tun kafin a zuba kankare. Idan manhajojinku sun bambanta, a riƙa musayar fayil a tsarin IFC, wanda manhajojin BIM daban-daban ke iya buɗewa.

Kuɗin lasisi kam ya yi wa ƙaramin ofis yawa, shi ya sa aka ambaci FreeCAD, wadda kyauta ce. Revit kuma a Windows kaɗai take aiki. Ga birkila a wurin aiki, a buga masa zanen a takarda, tunda wuta da intanet ba su da tabbas a ƙauye.