Reshen babban kamfanin lauyoyi a Kano: waɗanda suka gwada su ba mu labari

Mai casar shinkafa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da masana'antar casar shinkafa a hanyar Zariya, kuma wani kamfani daga Legas ya nuna sha'awar sayen kaso a cikinta, bisa sharaɗin za mu faɗaɗa ta da kuɗin da za su zuba tare da rancen banki. Lauyan da yake yi wa gidanmu aiki tun zamanin mahaifina mutum ne mai amana, amma shi da bakinsa ya ce takardun da aka turo sun fi ƙarfin ofishinsa na mutum uku, ya kuma ba ni shawarar in nemi ɗaya daga cikin manyan kamfanonin lauyoyi masu hedikwata a Legas ko Abuja waɗanda suka buɗe reshe a nan. Abin da nake so in sani shi ne ko ƙarfin da ake yabon uwar kamfanin da shi yana isowa reshe. Ina roƙon wanda ya taɓa ba irin wannan reshe aiki ya faɗi abin da ya gani da idonsa, kuma kada a kama sunan kowane ofishi.

Alhaji na Sharaɗa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni na gwada, kuma ban yi nadama ba. Lokacin da na nemi rance domin sayo injinan roba, banki ya ce in ba da filin masana'anta jingina, ni kuwa hankalina kwance domin takardar shaidar mallaka tana cikin akwatina shekara da shekaru. Lauyar reshen ta karɓi takardun, ta kwana biyu a kansu, sannan ta kira ni ta ce cinikin da mahaifina ya yi da mai filin na farko ba a taɓa neman sahalewar gwamna a kansa ba, alhali sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta haka kafin a sayar ko a jinginar da irin wannan fili. Ta bayyana mini cewa tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda aka rushe jingina saboda rashin wannan sahalewa, babu bankin da zai sassauta a kan batun.

Abin da ya burge ni shi ne yadda aikin ya rabu. Yarjejeniyar rancen an tura ta Legas, inda suke da sashe guda da ba ya yin komai sai harkar banki, suka dawo da ita da gyare-gyare a kan sharuɗɗan da za su ba banki damar neman kuɗinsa gaba ɗaya idan na yi jinkirin biya ko da sau ɗaya ne. Batun fili kuwa 'yan Kano ne suka bi shi, domin su suka san ofishin filaye, suka san teburin da fayil yake kwana, suka kuma iya zama da magadan mai filin na farko cikin mutunci har suka sa hannu. Kuɗin aikin ya yi mini nauyi, ba zan ɓoye ba, ga harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kai. Amma da an gano wannan giɓi bayan na ci rancen, da asarar ta ninka abin da na biya.

Hajiya Yaya Babba:

Nawa labarin rabi yabo ne, rabi kuma gyara. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar kamfanin sufuri mai rajista da magada goma sha tara daga ɗakuna uku. A ɓangaren kamfani, reshen ya yi aikin da ban taɓa ganin irinsa ba: sun gyara bayananmu a hukumar rajistar kamfanoni bisa dokar kamfanoni ta 2020, sun tsara yadda za a naɗa daraktoci na riƙo domin kada motoci su tsaya, sun kuma hana wani ɗan'uwanmu kai mu Babbar Kotun Tarayya ta hanyar zaunar da mu a teburin sulhu.

Da aka zo rabon gado sai na ga iyakarsu. Lauyan da aka ba mu ya iya dokar kamfani, amma da aka fara maganar tumunin matan mamaci da yadda za a kimanta hannun jari kafin a raba, sai ya koma mai sauraro, kuma bai saba tsayawa gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci ba. Na yaba masa da bai yi girman kai ba. Ya ce mu nemo wanda ya karanta dokar zamani haɗe da ta Musulunci, irin waɗanda Jami'ar Bayero take yayewa, kuma da shi aka ƙarasa. Sai dai mun biya lauya biyu a kan gado ɗaya, kuma da na san haka tun farko, da na tambaya kafin in sa hannu ko suna da irin wannan mutum a cikin gida.

Ɗan kwangila daga Kaduna:

Ni dai na sha wuya, kuma ina ganin wajibi ne in faɗa. Sunan wani babban lauya mai muƙamin SAN, wato matsayi mafi girma da ake bai wa lauyoyi a Najeriya, ne ya ja ni, amma bayan zaman farko ban sake ganinsa ba sai a waya. Reshen matasa ne zalla, masu ladabi da ƙoƙari, sai dai babu wanda yake da ikon yanke shawara, ko amsa wasiƙar abokin shari'a sai an jira Abuja. Sau biyu aka ɗage ƙarata domin wanda zai jagorance ta yana wata kotu, kuma kuɗin jirgi da masaukinsa a ranakun da ya zo duk a wuyana suka sauka. A ƙarshe na yi nasara, amma na tabbata lauyan da yake zaune a garin zai kai ni wurin da rabin lokacin.

Barista, tsohon ma'aikacin reshe:

Ranku ya daɗe, na yi shekara shida a irin wannan reshe kafin in buɗe nawa ofishin, kuma duk abin da aka faɗa a sama na gan shi. Bambancin abin da ya sami Alhaji na Sharaɗa da abin da ya sami ɗan'uwanmu na Kaduna yana komawa ga tambaya guda, wato ko akwai ɗaya daga cikin masu kamfanin da yake zaune a reshen da iyalinsa, ko kuwa ofis ne kawai aka buɗe domin karɓar takardu. Inda akwai shi, shawara tana fita a ranar, alƙalai da magatakarda sun san fuskarsa, matasan da ke ƙarƙashinsa kuma suna koyon aiki. Inda babu shi, allon da ke bakin ƙofa ne kaɗai ya yi kama da na Legas.

Doka ma da mutum take aiki. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta ce takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi ba ta da inganci, dole ne lauyan da sunansa yake cikin rajista ya sa hannu da kansa, kuma ta sake tabbatar da haka a 2012 a shari'ar First Bank da Maiwada. Saboda haka, Alhaji mai casar shinkafa, ka nemi a rubuta maka a takardar ɗaukar aiki sunan wanda zai riƙe fayil ɗinka, da yadda za a lissafa kuɗi, ko da awa ne ko dunƙule, da kuma wanda zai ɗauki nauyin tafiye-tafiye.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba. Manyan kamfanonin nan yawancinsu suna yi wa bankuna da manyan masu zuba jari aiki na dindindin, kuma ƙa'idar sana'armu ba ta yarda lauya ya riƙe ɓangarori biyu masu karo da juna ba tare da sun sani sun kuma amince ba. Tunda mai sayen kasonka daga Legas yake, ka fara tambayarsu ko shi ko bankin da za ka ci bashinsa yana cikin waɗanda suke yi wa aiki. Ƙarfinsu na gaskiya yana cikin irin cinikin da ka kawo: binciken kamfani kafin saye, yarjejeniyar masu hannun jari, haraji, da sharuɗɗan da za su kare mai ƙaramin kaso. A nan ƙaramin ofishi ba zai kamo su ba, ni ma yau ba zan kamo su ba.

Malam mai fataucin Maraɗi:

Ina ƙara da abin da ya shafi masu ciniki da ƙetare. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka, kayana suka maƙale, abokin cinikina na Maraɗi ya ce na saɓa alkawari. Reshen da na je ya gaya mini gaskiya tun ranar farko, cewa yarjejeniyarmu ta zaɓi dokar Nijar, wadda a harkar kasuwanci take bin tsarin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya da ƙasashen Afirka 17 suka haɗu a kai, kuma babbar kotunsa tana Abijan. Ba su yi da'awar sanin abin da ba su sani ba. Cikin mako guda suka haɗa ni da wani ofishin lauyoyi a Yamai da suka saba aiki tare, suka fassara takardun daga Faransanci, aka sasanta ba tare da an shiga kotu ba. Wannan hanyar sadarwa ita ce abin da na saya da kuɗina.

Mai casar shinkafa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na zauna da rassa biyu, na yi musu tambayoyin Barista. Na farko ya duba ya ce bankin da nake nema yana cikin waɗanda suke wakilta, don haka ya janye da kansa. Na biyu yana da ɗaya daga cikin masu kamfanin zaune a Kano, kuma ya amince lauyan gidanmu ya ci gaba da riƙe batun fili da na ma'aikata, su kuma su ɗauki yarjejeniyar hannun jari. Hajiya, tunda 'yan'uwana mata suna da kaso a masana'antar ta hanyar gado, na tambaye su batun da kika kawo, sun ce za su turo mini wanda zai duba shi ranar Litinin.